Na fara sabar da gemuna, yara na ta lallasa ni: darasin Kabtin zan biya ko karawa zan ƙara?

Baban Hanifa (Jidda):

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin duk wanda ya taɓa shiga wasan takobi na mubaraza, musamman wanda ya fara da girmansa irina.

Shekarata 43. Lissafi nake yi wa wani kamfanin ajiyar kaya a Khumra, kudancin Jidda, tun safe har bayan la'asar ina daskare a kujera, ga tumbi ya fara sallama. Lokacin Olamfik na Paris a 2024 muka zauna da yarona muna kallon wasan ƙarshe na sabar, nau'in mubaraza da ake sara da takobi, wanda Fares Ferjani ɗan Tunisiya ya kara da Oh Sang-uk na Koriya ta Kudu, aka tashi 15 da 11, Ferjani ya tsira da azurfa. Yaro ya kafe sai an sa shi. Na kai shi wani kulob a arewacin gari, ya yi 'yan makonni ya koma wa ƙwallonsa. Kuɗi an riga an biya ba a mayarwa, sai ni mai zaman jira a benci na maye gurbinsa.

Tun daga nan nake zuwa Litinin da Laraba bayan isha'i, in dai ba rufe lissafin ƙarshen wata ne ya riƙe ni ba, ko cunkoson hanyar Haramain. Tsarin ba ya canzawa. A ɗan yi gudu a miƙe jiki, sannan Kabtin, mai koyar da mu, wani Bamisire da muryarsa ta fi jikinsa girma, ya jera mu a layi a yi ta taku gaba, taku baya, zabura, har cinya ta ɗauki wuta. Daga nan a haɗa mu bibbiyu, wannan ya kawo sara ka, wancan ya kare ya rama. Sai a rabin sa'ar ƙarshe ake jona mana wayar na'urar da ke kunna fitila in sara ya taɓa, a yi karawa. Jiki kam ya amfana, ba ƙarya. Wando ya fara yi mini yawa, kuma ina hawa bene ba haki.

Karawar ce matsalata. Ni ne babba a wurin, Kabtin ɗin ma ina jin na girme shi. Sauran 'yan shekara 13 zuwa 17 ne, sai wasu 'yan jami'a. A tsayar da mu da tazarar mita 4, alƙali ya ce "alle", wato a fara, kafin in gama tunanin abin da zan yi na ji ƙarar ƙarfe a kwalkwalina. Wannan ma da sauƙi, na san an riga ni ne. Abin da ke cin raina shi ne fitila biyu su kama, tawa da tasa, ni a ganina tare muka tashi tare muka sari juna, amma alƙali ya ɗaga hannu ɓangaren yaron. In na tambaya a ce hannuna ya makara, ko na ɗan dakata a hanya, ko ƙafata ta riga saran sauka. Akwai wani siririn yaro da bai wuce sa'ar ɗana ba, in ya gama da ni 5 da 1 sai ya cire kwalkwali, ya miƙo hannu cikin ladabi ya ce "ma'alesh ya ammi", wato yi haƙuri baffa. Wallahi da dariya ya yi mini da ta fi sauƙi. Na kuma lura yaran ba sa ɗokin karawa da ni, wai sarana da zafi. Ɗaya ya taɓa naɗe hannun riga ya nuna mini shatin da na bar masa a damtse, duk kunya ta kama ni.

To ga tambayoyin. Kabtin yana ba da darasi na mutum ɗaya, minti 20, da kuɗinsa daban, kuma in zan riƙa yi duk mako kuɗin ya kusa kamo na wata. A gefe guda akwai daren Asabar da ake buɗe zaure don karawa zalla, ba a ƙara ko halala, kwabon nan ƙasar. Duka biyun ba za su yiwu ba, aljihu ba zai ɗauka ba, uwargida ma ta fara kallon jakar takobin nan da wani ido. Wanne ya fi wa mai shekaruna amfani?

Sannan wani ya ce mini sabar wasan yara ne masu jini a jika, in koma efe, wanda ake suka ba sara ba, tun gwiwata na amsa sallama. Gaskiya ne?

Na ƙarshe, rigar lantarkin da nake ara a kulob ta yi kore a wuya da hammata, wani wurin ma ko an sare ni fitila ba ta kamawa. Ni dai ban yi ƙorafi ba, yaran ne suka yi. In sayi tawa, ko in dakata tukuna?

Ɗan Hindawiyya (Makka):

Wa alaikumus salam. Ikon Allah! Alhaji, ashe har da mu a wannan harka? Mu nan abin da muka sani ƙwallo ne, shi ma don mun saba jin sunan 'yan ƙwallo Hausawi, su Usama da Umar da Mu'utaz, a bakin masu sharhi. In takobi ne sai a rawar arda, a ɗaga shi sama a yi rangaji a mayar kube. In kuma sanda ce, ga rawar mizmar nan a bukukuwan unguwa, ka zo Shari' Mansur a koya maka kyauta har da shayi.

An ce gemu ba ya hana ilimi, na yarda, amma ban ji wanda ya ce gwiwa ba ta hanawa ba. Ka lallaɓa ta. Tsakani da Allah ina da tambaya: abin nan ba ya huda mutum? Ƙanena yana da yaro mai ƙiriniya da ya gagari kowa, in ba haɗari sai mu turo maka shi ya zama na biyu mai ce maka ma'alesh.

Abu Sumayya (Riyad):

Yaya Baban Hanifa, barka da ƙoƙari. Na yi sabar lokacin da nake karatu a Alƙahira, na ajiye shekaru masu yawa, na dawo bayan na tara iyali. Ba gwani ba ne ni, amma abin da kake faɗa na san shi ciki da bai.

Ka biya darasin. Ko da sau biyu ne a wata, ka biya. Dalili shi ne abin da ke kayar da kai ba ƙarancin karawa ba ne. Hannunka da ƙafarka ne ba su san wa zai riga wa ba, kuma kowane daren Asabar da za ka ƙara, wannan ɗabi'ar za ka ƙara kafewa a jikinka. Yaro ɗan shekara 12 yana kwaikwayo da ido, jikinsa ya ɗauka ba tare da an yi masa bayani ba. Mu manya sai an tsaya a kanmu an ce a'a, sake.

Bari in warware maka maganar fitila biyu. Idan saran farko ya taɓa, na'urar ba ta rufewa nan take, tana jira kashi 170 cikin 1000 na daƙiƙa. Kafin 2016 kashi 120 ne. Duk wanda ya taɓa a cikin wannan ɗan tsakanin, tasa fitilar ma za ta kama. Saboda haka kamawar fitilarka ba ta nufin komai sai cewa ka taɓa shi. Maki na wanda yake da haƙƙin hari ne, wato wanda ya riga fara miƙa hannu da takobi yana tafiya gaba bai katse ba. In ka ja hannu baya don ka tara ƙarfi, ka saki haƙƙinka. In ka ɗan tsaya a hanya, ka saki. In ka zabura ƙafarka ta gaba ta dira ƙasa saran bai iso ba, harinka ya ƙare, sai nasa. In da gaske tare kuka tashi, ba wanda za a ba. Duk dalilai ukun da alƙalanku ke faɗa maka abu ɗaya suke nunawa: daga kafaɗa kake ɗauko sara. Shi ya sa yake makara, shi ya sa kuma yake da zafi. Kana yi ne kamar mai faskaren ice, alhali takobin nan bai kai rabin kilo ba, ruwansa bai wuce santimita 88 ba, kuma na'ura taɓawa kawai take so, da gefen ruwan ko da bakinsa, ko'ina daga ƙugu zuwa sama har da kai da hannuwa, ban da tafin hannu da yatsu.

Abin da darasi zai yi maka ke nan. Kabtin zai sa rigarsa ta fata ya tsaya gabanka, ya ɗan sauke takobinsa, kansa ya buɗe, ka sara. Kafin ka motsa ƙafa zai kama wuyan hannunka ya kwantar da babban yatsanka a bayan ƙota, ya nuna maka yadda ake matse sauran yatsun a ƙarshe, takobi ya ce ƙas a kan kwalkwali ya dawo da kansa. Za ku maimaita har ka gaji da jin muryarsa. Sai ya fara yi maka wayo: ya buɗe haƙarƙari ya ja baya taku ɗaya, ko ya buɗe ya rufe ya ramo maka, dole ka kare da salon kariya na uku ko na huɗu ko na biyar. A minti 20 ɗin nan za a gyara maka abin da a aji na mutum goma sha ba wanda zai ma lura da shi. In da hali ka roƙi a sa maka darasin kafin lokacin karawa na Laraba, don ka shiga da abin yana da ɗumi.

Sai batun mita 4 na tsakiya. Ka ce kafin ka gama tunani an sare ka. To ai ba a tunani bayan "alle", kafin ta ake yi. Tun kana tafiya layinka ka yanke abin da za ka yi: ko dai hari kai tsaye hannu a gaba, ko ka yi ɗan ƙaramin taku kamar da gaske sai ka ja baya saransa ya faɗi a iska ka bi shi, ko ka shiga da niyyar karewa ka rama. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai ko da za a ci ka. Yawancin yaran nan abu guda suke yi, su taso da gudu. Ba za ka fi su sauri ba har abada, ka cire wannan a ranka. Amma wanda ya taso da gudu bai iya birki ba, in ka sa shi ya sari iska sau biyu za ka ga ya fara shakka, kuma mai shakka a sabar ya gama yawo. Takunka na farko ya zama ƙarami. Manya suna son buɗe ƙafa su yi wawan taku, daga nan ba gaba ba baya. Kuma ka kula, a sabar haramun ne ƙafar baya ta tsallake ta gaba in kana tafiya gaba, kati ne, a kuma soke saran.

Abu biyu da ba sa cin ko riyal. Taku a gida, minti goma kullum a tsakar falo, a hankali, gwiwa a lanƙwashe, kai bai yin sama da ƙasa. Da kuma alƙalanci: in yara biyu na karawa ka ce kai za ka hukunta. Za su yi maka gardama, Kabtin zai gyara maka, amma a nan idonka zai buɗe ka fara ganin wa ya riga wa.

Maman Walid (Khubar):

Sannu Baban Hanifa. Ni efe nake yi, tare muka fara da 'yata, ita ta yi nisa ni ina nan ina bin baya. A garin nan ba baƙon abu ba ne mace ta riƙe takobi, Lubna Al-Omair da ta wakilci Saudiyya a fulore, nau'in mubaraza na uku, a Olamfik na Rio a 2016 ma 'yar nan ce.

Ban ce Malam Abu Sumayya bai yi gaskiya ba, amma kada ka raina shawarar wanda ya ce ka gwada efe. Mu ba ruwanmu da wa ya riga fara hari. Jiki duka wurin suka ne, daga kwalkwali har yatsan ƙafa, da tsini kawai, in fitila biyu sun kama kowa ya samu maki. Ba alƙalin da zai ce maka hannunka ya makara. A karawar maki 15 zagaye uku ne na minti uku-uku, kana da lokacin da za ka karanci mutum, ka ja shi, ka jira ya miƙo wuyan hannu. A sabar kuwa ko agogo ba a cika dubawa ba, ana kai maki 8 a huta minti ɗaya a dawo a ƙarasa. Na je kallon gasar duniya ta matasa da aka yi a Riyad a watan Afrilun 2024, na zauna wajen 'yan sabar, wallahi sai an ɗaga hannu nake sanin wa ya ci. Kuma kayan efe sun fi araha, ba rigar lantarki, kwalkwalin ma na gama-gari ne ba waya a jikinsa. Sai dai takobinmu ya fi naku nauyi, yana iya kaiwa giram 770, gwiwar hannu tana ji a farko.

Gwiwa kuma, kowanne ka zaɓa, ka duba takalminka. Na gudu mai tudun dunduniya ba ya yi, yana gurɗa ƙafa. Ka nemi irin na 'yan wasan cikin zaure, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa. In ka zabura, gwiwar gaba ta kalli inda yatsun ƙafa suka kalla, kada ta faɗa ciki. Kuma kada ka biye wa yara su da suke shigowa daga mota su hau fage, kai sai ka ɗumama agara da cinya sosai tukuna.

Ɗan Hindawiyya, ku kawo yaron. Bakin takobin sabar a naɗe yake, ba kaifi ba tsini, rigar kuma an saƙa ta ne don kada ta huje. Abin da ake tsoro shi ne karyayyen takobi, shi ya sa ake sa wata rabin riga a ciki ta rufe hammata, kuma ba a yarda kowa ya ɗaga takobi gaban wanda bai sa kwalkwali ba. Masu ƙiriniya ma sun fi saurin kamawa.

Baban Hanifa (Jidda):

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Malam Abu Sumayya, jiya da dare na tsaya gaban madubin ɗaki da maburgi a hannu na kai sara, sai ga kafaɗata ta ɗaga ta kusa taɓa kunne kafin hannu ya tafi. Hanifa na leƙe tana ƙyalƙyala dariya. Na yi wa Kabtin magana, ya ce Laraba kafin aji akwai gurbi, za mu fara mako mai zuwa, mako ɗaya a yi mako ɗaya a tsallake.

Hajiya Maman Walid, hujjarki ta shige ni, kuma akwai 'yan efe a zauren namu, zan ari takobi in ɗanɗana. Amma in faɗa miki gaskiya, ranar da na taɓa sa wannan siririn yaron ya sari iska, na bi shi tun daga tsakiya har ƙarshen fagen mita 14 yana ja da baya ina taku a hankali, na sauke masa a ka, fitila ɗaya tak ta kama, har na isa gida ban kunna rediyon mota ba don kada wani abu ya katse mini daɗin. Ban sani ba ko efe na da irin wannan. Takalmin kuwa kin kama ni, na gudu ne.

Ba wanda ya taɓo maganar riga. Sannan azumi in ya zo ya kuke yi? Bara kulob ya mayar da atisaye bayan tarawihi, ni kuma a lokacin cikina ya yi nauyi da sambusa da shurba, ƙafa ta ƙi tashi.

Abu Sumayya (Riyad):

Rigar ka saya, Yaya, tunda ka wuce shekara kana zuwa ba ɗanɗano kake ba. Amma ka fara da safar hannu da kwalkwali in ba ka da naka, don a zafin Jidda sa kwalkwalin da wani ya gama jiƙawa ba ƙaramin jihadi ba ne. Ka tabbatar na sabar ne, mai ɗaukar lantarki, da 'yar wayarsa da ake maƙalawa a wuyan riga. Farar rigar ciki da wando masu lambar 350N, ma'aunin ƙarfin yadi, sun ishe ka a kulob, masu 800N na gasar ƙasa da ƙasa ne, kada mai shago ya hau kanka. Koren da ka gani gumi ne ya ci zaren ƙarfen. Taka in ka saya kada ta kwana a jaka ko a but ɗin mota, ka juya ta ka rataye a inuwa ta sha iska, lokaci-lokaci ka ɗauraye ta da hannu a ruwa mara zafi, ban da bilic, ban da matsewa.

Azumi, ni dabino da ruwa da ɗan abu mara nauyi nake yi a buɗa-baki ranar atisaye, abincin gaske sai na dawo. Kuma nakan rage karawa in ƙara taku da darasi.

Ranar Laraba ka ba wani wayarka ya ɗauke ku, ya tsaya a gefe daidai layin tsakiya inda alƙali ke tsayawa, ya ja baya yadda ƙafafunku duka za su fito. Ka turo mini ta saƙo mu duba takunka na farko tare.